Na'urar MP3 a Aljihu: Memori, Batir da Lafiyar Kunne

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage shi a hankali)

  

Yau za mu yi magana ne a kan wata 'yar na'ura da ta shigo cikinmu ta zauna daram. Ina nufin na'urar sauraren sauti ta aljihu, wadda aka fi sani da MP3. Wasu kan ce mata rediyo mai memori.

Kun san ta. Tana kan teburin mai shayi tun asuba, tana karatun Alƙur'ani. Tana gefen keken tela. Tana aljihun manomi, yana noma Shata na rera masa. Ita ce abokiyar hirar mai gadi cikin dare. Uwargida tana tuƙa tuwo tana bin tafsiri da ita. Ɗan Islamiyya yana tilawar hadda da ita. Wanda ba shi da ita kuma, wayarsa ce ke yi masa wannan aiki. Don haka abin da zan faɗa ya shafe shi shi ma.

Abu uku ne ke sa wannan na'ura ta amfane ka: memori, batir, da kunne. Biyu daga ciki ana sayar da su a kasuwa. In sun lalace sai ka sake wasu. Na ukun kuwa ba shagon da ke da shi. Ku riƙe wannan magana, domin za mu dawo kanta, kuma a can za mu fi daɗewa.

Bari mu fara da asalin abin, a taƙaice.

Manya daga cikinmu sun tuna zamanin kaset. Rikoda mai cin batir, kaset ya sarƙe, a sa biro ana naɗe zaren. A shekarar 1979 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da Walkman, 'yar rikodar da mutum ke maƙalawa a ƙugu ya saurara shi kaɗai. Amma har a lokacin kaset ne, kuma galibin kaset awa ɗaya ne ko awa ɗaya da rabi.

Sai wasu masana a cibiyar bincike ta Fraunhofer a ƙasar Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka daɗe suna aiki a kan hanyar matse sauti ya ƙanƙance. Wannan hanya ita ce MP3.

To yaya ake matse sauti? Ku dubi busasshen tumatir. Kwando guda na ɗanye, in aka yanka aka shanya, ruwan ya fita, sai ya koma ɗan kaɗan. Amma ranar da aka jiƙa shi aka yi miya, tumatir ne. Haka abin yake. Akwai sautin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa. Akwai kuma ƙaramin sauti da babba ke dannewa, ba ka jin sa ko yana nan. Sai a zubar da waɗannan, a bar abin da kunne ke ji. Da haka waƙar da ke kan faifan CD take komawa kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta.

A shekarar 1998 wani kamfani a Koriya ta Kudu ya fito da na'urar aljihu mai kunna MP3, mai suna MPMan. Ƙaramarta sautin kusan rabin awa kawai take ɗauka. Bayan shekara uku, a watan Oktoban 2001, kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPod, mai ɗaukar waƙa 1,000. Ta yi zamaninta, har wayoyi suka karɓe aikinta, kamfanin ya daina ƙera ta a 2022.

Amma a wurinmu MP3 ba ta mutu ba, kuma ina ganin ba za ta mutu nan kusa ba. Ba ta cin data. Ba ruwanta da sabis. Kuɗinta bai kai na babbar waya ba. Maɓallanta manya ne, Baba tsoho zai iya dannawa ba tare da ya kira jika ba. Uba kuma zai iya bai wa ɗansa ita don hadda, hankalinsa kwance, tun da babu intanet a cikinta.

Wannan ke nan. Yanzu mu shiga maganar memori.

Memori shi ne ɗan katin nan da bai fi farcen yatsa ba, wanda ake zurawa a gefen na'ura. A cikinsa komai yake. A jikinsa za ka ga an rubuta 4, ko 8, ko 16, ko 32, da haruffan GB. Wannan shi ake kira giga. Giga ma'auni ne na yawan abin da memori zai iya ɗauka.

Ga lissafi mai sauƙi. A matsakaicin inganci, sautin minti ɗaya yana cin kusan mega ɗaya. Mega 1,000 kuma shi ne giga ɗaya. Ke nan giga ɗaya zai ɗauki kusan awa 16. Giga ɗaya, awa 16. Memori mai giga 8 zai ɗauki sama da awa 120. A da, wanda ya tara tafsirin azumi a kaset 30 masu minti 90, sai ya nemi kwali. Yau wannan tafsirin gaba ɗaya bai cika giga 3 ba.

Me ya sa na kawo wannan lissafi? Don kada babbar lamba ta ruɗe ka. Malam, in karatu da wa'azi da 'yan waƙoƙi kake so, giga 8 ko 16 ya ishe ka har ka bar saura. Ƙari a kan haka, da yawa daga ƙananan na'urorin nan ba sa karanta memorin da ya wuce giga 32, saboda tsarin ajiyar manyan daban ne. Mutum ya kashe kuɗi ya sayo mai 64, ya zura, na'ura ta yi shiru. Sai ya ce an cuce shi, alhali memorin lafiyarsa ƙalau. Kafin ka saya, ka je da na'urarka a gwada a gabanka.

Akwai kuma inda cutar take ta gaske, wato jabun memori. An rubuta 32 a jikinsa, amma cikinsa bai kai haka ba, wani ma ko kusa. Abin da ke sa a kasa gane shi, in aka sa shi a kwamfuta, ita ma 32 ɗin za ta nuna, domin an yi masa dabarar da zai faɗi ƙarya. Za a yi ta tura masa kaya yana karɓa. Sai ka koma gida, ka tarar wasu suna kunnuwa, wasu sun ƙi, wasu kuma sun ɓace. Hausawa sun ce araha ba ta ado. In ka ga kuɗin memori ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, ka yi hattara. Ko a Farm Centre ta Kano kake, ko a 'yar rumfar mai waya ta ƙauyenku, ka saya inda za ka iya komawa. Ka sa a cika shi, sannan ka kunna na farko, ka kunna na tsakiya, ka kunna na ƙarshe. Na farko, na tsakiya, na ƙarshe. In duk sun yi, to ka biya.

Sai wajen masu tura kaya, waɗanda muke kira 'yan dawunlodin. Ga wata matsala da ke damun masu sauraren Alƙur'ani. Mutum ya kunna Fatiha, yana jiran Baƙara, sai ya ji Suratu Yunus. Bayanta kuma sai Adiyati. Me ya faru? Na'ura ba ta ƙirga kamar yadda kake yi. Harafin farko take dubawa. A wurinta, bayan 1 sai 10, bayan 10 sai 100. Maganin abin shi ne a rubuta lambar kowace sura da gurbi uku: 001, 002, 003, har zuwa 114. Wasu na'urorin kuma suna bin yadda aka tura kayan ne, wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Don haka ka roƙi mai turawa ya tura su a jere.

Ka kuma ce ya raba maka su folda-folda. Folda kamar aljihu ce a cikin memorin. Karatu a tasa, wa'azi a tasa, waƙa a tata. Ba daɗi mutum yana cikin sauraren karatu, sura ta ƙare, sai kiɗan biki ya faɗo.

Hajiya, in 'yarki ta turo miki saƙon murya ta WhatsApp, kika sa aka zuba a memori ya ƙi kunnuwa, na'urarki ba ta lalace ba. Irin wannan saƙo ba MP3 ba ne, wani tsari ne daban. Sai an juya shi zuwa MP3 tukuna, kuma masu tura kaya sun iya.

Kalma ɗaya nake so kowa ya ji tsoronta: fomatin. Fomatin shi ne share memori tas. In na'ura ko waya ta tambaye ka ko a yi fomatin, kada ka danna komai sai ka tambayi wanda ya sani. Kada kuma ka zare memori na'ura tana kunne. Kashe ta tukuna. Kuma kwamfutar da memori ɗari ke shiga kullum ba ta rasa cuta, wato bairos, wanda kan ɓoye kayan mutum ko ya lalata su.

Waƙar Ɗanƙwairo ko ta Barmani Coge, in ta goge, za ka same ta a wani wuri. Amma akwai abin da ke memorinka kai kaɗai. Muryar kakarka tana ba da tarihin gidanku. Karatun malamin unguwarku da Allah Ya yi wa rasuwa. Irin wannan, ka ajiye shi a wuri biyu. Memori kan mutu rana ɗaya ba tare da ya yi gargaɗi ba.

Kafin mu bar maganar memori, bari in ba ku wani labari da ke nuna nisan da yake zuwa. Akwai wani makaɗin gita Ba'abzine, ɗan yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, mai suna Mdou Moctar. A shekarar 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa. Ba wani kamfani da ya rarraba su. Daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, suka ratsa Sahara har ƙasar Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su. Ya sa ɗaya a cikin wani kundi da ya fitar a 2011, ya kuma bi sawun mawaƙan da ke cikin kundin don ya ba su haƙƙinsu. Yau Mdou Moctar yana wasa a Turai da Amurka.

Abin da ya fi tsaya mini a labarin nan shi ne bin sawun. Muna biyan mai tura waƙa, amma sau nawa wani abu ke isa hannun wanda ya rera ta? Ya biya kuɗin situdiyo, ya biya makaɗa, yana da iyali. In mawaƙi ko mai karatu ya buɗe hanyar da za a sayi aikinsa kai tsaye, wanda ke da hali ya bi ta nan. Haƙƙi ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, har yanzu muna kan maganar na'urar MP3. Mun gama da memori. Yanzu batir, kuma ba za mu daɗe a nan ba.

Babban abokin gaban batirin da ake yi wa caji shi ne zafi. Mu kuwa a bazara, Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maraɗi da Maiduguri. Direba, kada ka bar ta a gaban gilashin mota. Manomi, rataye ta a inuwa. Kada a sa ta a caji a tura ƙarƙashin matashi. Kada kuma a riƙa bari kullum sai ta mutu murus kafin a kai ta caji, domin hakan yana rage wa batir kwana.

Da yawa daga rediyoyin nan masu memori suna amfani da batir irin na tsohuwar wayar Nokia, wanda aka rubuta BL-5C a jikinsa. Wannan abin daɗi ne, domin in ya gaji ana samun wani. In za ka sayi na'ura, ka fifita wadda ake iya cire batirinta.

Amma ga gargaɗi. In ka ga batir ya kumbura, murfi ya ƙi rufuwa, ka daina amfani da shi nan take. Kada ka huda shi. Kada ka danne shi don ya koma. Kada ka jefa shi a murhu ko a bolar da ake ƙonawa. Yana iya kamawa da wuta, yana iya fashewa. Kada kuma a bar wa yara shi su yi wasa.

To, jama'a, yanzu mun zo kan abin da ya kawo ni yau. Kunne. Na ce muku memori da batir suna kasuwa, na ukun ba shagon da ke da shi. Wanda ke wani aiki, don Allah ya ɗan matso kusa da rediyo. Iyaye, ku kira samari da 'yan matan gidan su zo su ji.

Maganar ta fi shafar masu amfani da iyafis, wato 'yan abubuwan nan biyu da ake cusawa a kunne, masu waya da marasa waya.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe a naɗe, wanda ake kira katantanwar kunne saboda siffarsa. A cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi a kansu, kimanin 16,000 a kowane kunne. Su ne ke karɓar girgizar sauti su mai da ita saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife ka. Ba a ƙara maka ko ɗaya daga baya. Sauti mai ƙarfi yana gajiyar da su. In abin ya ci gaba, ya kashe su. Wanda ya mutu kuma ba ya dawowa. Ba allura, ba ƙwaya, ba tiyatar da ke tayar da shi. Zan maimaita. Wanda ya mutu ba ya dawowa.

Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni mai suna desibel. Hira tsakanin mutum biyu kusan desibel 60 ce. Titi mai cunkoson motoci kusan 80. Iyafis kuwa, in aka ƙure shi, yana iya haura 100.

Wani zai ce, tsakanin 80 da 100 ai ba nisa. Akwai nisa ƙwarai. A wannan ma'auni, duk ƙarin 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma. Ku ji abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babban mutum. A desibel 80, kana iya saurare awa 40 a mako. A desibel 90, awa 4 kacal a mako. A desibel 100, bai kai rabin awa ba a mako. A mako fa, ba a rana ba. Bari in sake faɗa. 80, awa 40. 90, awa 4. 100, ƙasa da rabin awa.

Yanzu ku dubi yaron shagon ɗinki. Ya sa iyafis tun hantsi, ya ƙure murya. Kafin a kira azahar ya cinye kason wata guda har ya wuce. Gobe kuma ya sake. Jibi ma haka.

Shi ya sa a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare. Ta kuma ware ranar 3 ga Maris ta kowace shekara don tunatarwa a kan lafiyar ji. Ƙasar Faransa tun 1996 ta yi dokar da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori in ƙarfinsu ya wuce desibel 100. Mu kuwa, da yawa daga masu arahar da ke kasuwanninmu ba sa yin wani gargaɗi in ka ƙure su. Kai ne za ka yi wa kanka gargaɗin.

Akwai wata magana da nake so in faɗa cikin ladabi, domin ta shafi bayin Allah masu kyakkyawar niyya. Da yawa muna ɗauka cewa wannan matsalar 'yan kiɗa ce. Muna ganin yaron da ke rausaya kai shi ne zai kurumce. To, waɗannan ƙwayoyin halitta na cikin kunne ba sa tantance waƙa da wa'azi. Ƙarfin sauti kawai suke ji, da tsawon lokaci. Malam, ladan sauraren tafsiri yana nan, in Allah Ya yarda. Amma in ka ƙure murya awa biyar, kunnenka zai ji jiki daidai da na mai sauraren kiɗa. Kunnen nan da kake jin karatu da shi amana ne. Ina so ka kai shekara 80 kana jin liman daga sahun baya.

To yaya mutum zai san ya wuce iyaka, tun da ba mu yawo da ma'aunin desibel?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara: kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. Wato ɗan sama da rabi. In na'urarka tana ƙirga murya daga 1 zuwa 30, ka tsaya a 18 ko ƙasa. In daga 1 zuwa 15 ne, ka tsaya a 9. Ɗan sama da rabi. Amma na'urori sun bambanta, wata rabinta ma ƙara ce. Don haka ga gwaji na biyu. Ka sa iyafis ɗinka yadda ka saba. Ka ce wani ya tsaya kusa da kai, nisan miƙa hannu, ya yi maka magana yadda aka saba yi. In ba ka ji shi ba sai ya ɗaga murya, sautinka ya yi yawa. In kuma na kusa da kai a mota yana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinka, ya yi yawa ƙwarai. Rage.

Ka kuma riƙa hutar da kunne. Bayan kamar awa ɗaya, cire, ka ba shi 'yan mintuna.

Me ke sa mutane ƙure murya? Ba son ƙara ba ne kullum. Hayaniyar wuri ce. Janareta na ruri a bayan shago. Injin niƙa na aiki. Tasha ta cika. Sai mutum ya yi ta ƙarawa don ya danne hayaniyar. A nan ɓarnar take zama biyu: ga ƙarar waje, ga ta cikin kunne. Abin da ya fi, in wuri ya yi hayaniya, ka haƙura har ka samu inda ya lafa. In ba hali, iyafis mai roba a baki, wanda ke toshe kunne sosai, ya fi wanda ke zama sako-sako, domin yana tare hayaniyar waje, ba sai ka ƙara murya ba.

Amma wannan mai toshe kunnen, a zaune ake amfani da shi. Ba a kan titi ba. Mai babur, mai A Daidaita Sahu, mai keke, da kai mai tsallaka titi ko layin dogo, kunnenka ne ke gaya maka abin da ke bayanka. Hon ɗin tirela ba ya amfanar wanda bai ji shi ba. In za ka hau hanya, cire iyafis ka sa a aljihu. Duka biyun.

Sai masu kwana da shi a kunne. Na san da yawa barci ba ya ɗaukarsu sai da karatu. Madalla. Amma barci ya ɗauke ka, sautin bai tsaya ba, har asuba yana zuba a kunnenka. Ka ajiye na'urar a gefen gado, ta yi ta lasifikarta a hankali, yadda ba za ta hana na ɗaki ko maƙwabci barci ba. In tana da tsarin kashe kanta bayan wani lokaci, ka yi amfani da shi.

Iyaye mata, ga naku. Ma'aunin yara ya fi na manya ƙasa: desibel 75 ne, ba 80 ba. Yaro kuma ba zai ce miki ya yi ƙara ba. In kin ba shi na'ura don hadda, ki bar shi ya saurara ta lasifika a gabanki. Ta haka kin tsare kunnensa, kin kuma san abin da yake ji. In dole sai da iyafis, ki fara sawa a naki kunnen, ki daidaita, sannan ki ba shi. Kuma a guji karɓa-karɓar iyafis tsakanin yara, musamman in kunnen ɗaya yana ciwo ko yana ruwa. A riƙa goge shi da ƙyalle mai tsabta.

Abin da ke sa wannan larura ta yi wa mutum satar shiga shi ne ba ta da zafi. Ba jini, ba kumburi. A hankali take zuwa, shekara da shekaru. Amma tana da alamu, ku saurara da kyau.

Ka cire iyafis, sai ka ji kunnenka yana wani ƙugi ko siririyar ƙara, alhali ba abin da ke ƙara a ɗakin. Ko ka ji kunnen ya yi dum, maganar mutane kamar daga nesa. Da farko yakan washe bayan 'yan awoyi, sai mutum ya ce ba komai. Akwai komai. Kunne ne ke gaya maka an wahalar da shi. Wata alamar kuma, kana ji lafiya in ku biyu ne a ɗaki, amma a wurin ɗaurin aure ko a kasuwa sai magana ta cakuɗe maka. Kana jin murya, ba ka gane kalmomin. Dalili shi ne siraran sautuka irin su sa, da sha, da tsa, da fa, su ne ke fara ɓacewa. Sai ka ga mutum yana yawan cewa, “Na'am? Me ka ce?” Ko mutanen gida su riƙa ƙorafin ya cika ƙure rediyo.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan a tare da shi, ko a tare da ɗansa, kada ya ɗiga mai ko ruwan wani ganye a kunne. Kada ya sa tsinken ashana ko gashin kaza yana sosawa. Matsalar tana can ciki, inda tsinke ba ya kaiwa, sai dai ya huda dodon kunne ya ƙara wata. A je asibiti, a nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Manyan asibitocin koyarwa suna da wannan sashe, kuma a Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda wannan ne aikinta.

Gwajin ba shi da zafi ko kaɗan. Za a shigar da kai ɗaki marar hayaniya, a sa maka abin saurare a kunne, a riƙa sako ƙananan sautuka. Duk wanda ka ji, sai ka ɗaga hannu ko ka danna maɓalli. Shi ke nan. Wani ma za a tarar dattin kunne ne kawai ya taru, a cire masa ya koma gida yana ji garau. Wanda kuma aka ga jinsa ya fara raguwa, za a nuna masa yadda zai tsare abin da ya saura, a kuma duba ko yana buƙatar na'urar taimaka wa ji. In za ka je, ka tafi da MP3 ɗinka da iyafis ɗin da kake amfani da shi, ka nuna wa likita inda ka saba tsayar da murya, ka kuma gaya masa awa nawa kake yi a rana.

A nan za mu dakata, jama'a, lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)